Karin Magana Bai San Iyaka Ba

Jama'a, akwai waɗansu samarinmu masu ilmin boko da su ke cewa wai karin magana zancen tsofaffi ne, ba shi da amfani ga ɗan zamani. To, mu malaman makaranta ba mu yarda ba, ga kuwa hujjarmu.

Ku zo Jibiya, ai gani ya kori ji. A 1906 Ingila da Faransa suka daidaita kan iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, alhali kuwa Katsinawa ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi. Yaron nan ya yi karatu da Ingilishi, na can da Faransanci, in sun gamu a kasuwa ba mai gane bokon wani. Amma ka ce musu zumunta a ƙafa ta ke, duk sai su gyaɗa kai. Da aka rufe iyakar a 2019, aka kuma a 2023, wanda ya kasa zuwa ta'aziyyar ɗan'uwansa shi ya san nauyin maganar nan.

Tun 1905 wani sojan Bature, Merrick, ya tara karin maganarmu ya buga littafi. Yarabawa kuwa dokin zance su ke kiran nasu. Ashe baƙo ya san darajar abin, 'yan gida su raina shi?

Iyaye da malamai, kada ku bar yara da haddar jarrabawa kaɗai, ku riƙa yi musu zance da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane, amin.