KARATUN GIDA KO MAKARANTAR GWAMNATI: INA MAFITA GA 'YA'YAN HAUSAWAN OJOO?

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce na je Ibadan, wadda tsofaffinmu ke kira Badun, domin in gai da wani kawuna da ya shekara fiye da ashirin a Ojoo yana sana'ar kayan gwari. Duk wanda ya taɓa shiga Ibadan daga Arewa ya san Ojoo, domin ita ce bakin gari ga mai zuwa ta hanyar Ilori da Ogbomosho da Oyo, kuma akwai Hausawa masu ɗimbin yawa a wajen. Ranar Litinin da hantsi na ga yaran gidan su huɗu zaune kan tabarma, babu wanda ya sa kayan makaranta. Sai na ce, "Kawu, yau babu makaranta ne?" Ya ce, "Ɗana, ai na cire su. Shekara uku yaron nan yana zuwa, ko sunansa bai iya rubutawa ba, sai zagi da ya koyo da Yarabanci. Na samo malami yana zuwa gida yana koya musu, hankalina ya fi kwanciya."

Wannan magana ta kawu ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tambayar ita ce, tsakanin karantar da yaro a gida da kai shi makarantar gwamnati, wanne ya fi amfani ga ɗan Bahaushe da aka haifa a ƙasar Yarabawa? Ra'ayina tun daga farko shi ne, karatun gida tushe ne da babu mai raina shi, amma ba zai iya maye gurbin makarantar gwamnati ga yaran Ojoo ba. Ga dalilaina.

Karatun Gida Ba Baƙo Ba Ne Ga Bahaushe

A ƙasashen Turawa ana ta jayayya kan wannan al'amari. A Amurka doka ta yarda iyaye su karantar da 'ya'yansu a gida a dukkan jihohi 50 na ƙasar, ita kuwa Jamus ta hana, ta ce tilas ne kowane yaro ya je makaranta. Annobar korona ta shekarar 2020, wadda ta sa aka rufe makarantu a Nijeriya tun daga watan Maris, ta ƙara sa iyaye da yawa tunanin ko za su iya riƙe karatun yara da kansu.

Amma shi Bahaushe ya san karatun gida tun kafin zuwan boko. A zauren mahaifinsa yaro ke fara babbaƙu da farfaru, ya yi ta wanke allo har ya sauke, sannan ya shiga littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. A ɓangaren mata kuwa, tarihi ba zai manta da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta kafa tsarin 'yantaru, inda jajoji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata har cikin gidajensu a ƙauyuka. Saboda haka idan kawu ya ce zai karantar da 'ya'yansa a gida, ba wani sabon abu ya ƙirƙiro ba.

Haka ma zaman Hausawa a Ibadan yake da tsohon tarihi. An kafa unguwar Sabo a shekarar 1916, kuma fataucin goro da na shanu su ne suka raya ta. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda Hausawan wurin suka riƙe harshensu da addininsu da shugabancinsu, domin a kan waɗannan ne amanar kasuwancinsu ta ginu. Daga baya jama'a suka yawaita, suka bazu zuwa wurare irin su Ojoo da Shasha da Akinyele. A wancan zamani, yaron da ya iya Alƙur'ani da ajami da lissafin ƙwaryar goro ya sami abin da zai riƙe kansa da shi. Abin tambaya shi ne ko hakan ya wadatar a yau.

Hujjojin Masu Karatun Gida

Adalci shi ne mu fara sauraron irin su kawu, domin maganarsu ba ta banza ba ce. Hujja ta farko ita ce tarbiyya. Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma uba yana da haƙƙin ya ji tsoron abokan da ɗansa zai yi. Ta biyu ita ce cunkoso. Malami ɗaya a gaban yara masu yawa ba zai san wanda ya gane da wanda bai gane ba, alhali malamin gida yana kallon idon kowane yaro. Ta uku ita ce kuɗi, domin ko an ce karatu kyauta ne, akwai kayan makaranta da takalma da littattafan rubutu da kuɗin mota.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi shafar mu ɗaliban harshe. Manufar ilimi ta ƙasa, tun daga 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankin da yake zaune. A Ibadan harshen yanki shi ne Yarabanci. Wato ɗan Bahaushe mai shekara shida yana shiga aji ya tarar da harsuna biyu, Yarabanci da Ingilishi, babu nasa a ciki. A shekarar 2025 Ministan Ilimi na tarayya ya ba da sanarwar komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa, amma wannan ma bai sauya wa yaron Ojoo komai ba, domin ko ta wace hanya aka bi, Hausa ba ta cikin ajinsa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yaran Yarabawa da Yarabanci har shekara shida, ya nuna cewa yaro ya fi saurin fahimta da harshen da ya tashi da shi. Ke nan ba abin mamaki ba ne ɗan kawu ya shekara uku bai iya rubuta sunansa ba.

Abin Da Gida Ba Zai Iya Bayarwa Ba

Duk da waɗannan hujjoji, akwai abubuwa huɗu da nake ganin karatun gida ya gaza a kansu.

Na farko, wa zai koyar? Baturen da ke karantar da ɗansa a gida galibi shi ma ya yi karatu, yana da littattafai da kwamfuta da intanet, kuma ɗaya daga cikin iyayen yana zaune a gida domin wannan aiki kaɗai. Kawuna kuwa tun asuba yake fita tarbar motocin tumatur da albasa, ba ya dawowa sai magariba. Matarsa ba ta yi boko ba. Malamin da ya ɗauka gwani ne a fannin allo, amma da na zauna na ga darasinsa, babu lissafi, babu Ingilishi, babu kimiyya. Da malamin ya yi tafiya gida ganin iyalinsa, karatu ya tsaya cak har mako biyu, kuma a cikin makon nan na ga an ɗora wa babbar 'yar gidan tiren talla. Gaskiya ɗaya ce, a gidaje da yawa abin da ake kira karatun gida sunan zaman gida ne kawai.

Na biyu, harshen maƙwabta. Kawu yana kukan ɗansa ya koyo zagi da Yarabanci, amma ya manta cewa da Yarabancin nan ne yaron zai yi ciniki, ya yi magana da mai gidan haya, ya yi wa likita bayani, ya kare kansa a ofishin 'yansanda. Mu da ke nazarin harshe mun san cewa yaro ba ya rasa harshen uwa don ya koyi na biyu da na uku, muddin ana magana da shi da harshen a gida. Yaron Ojoo mai jin Hausa da Yarabanci da Ingilishi, ga kuma Larabcin makarantar Islamiyya, ya fi mu da muka tashi a Kano ko Katsina jari. Gida zai iya ba shi Hausa, amma Yarabanci mai kyau da Ingilishi na rubutu sai a aji da filin wasa.

Na uku, takardar shaida. Gaskiya ne wanda bai je makaranta ba zai iya zana jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, amma sai in an koya masa darussan da za a tambaye shi. Daga Ojoo zuwa ƙofar Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Abin takaici ne yaro ya tashi yana wuce ƙofar nan kullum da buhun albasa a ka, ba tare da ya taɓa tunanin yana da rabo a ciki ba. Su Yarabawa sun fara ilimin firamare kyauta tun 1955 a zamanin Cif Obafemi Awolowo, shekara 21 kafin gwamnatin tarayya ta ɓullo da nata shirin na UPE a 1976. Jikokin waɗanda suka ci gajiyar shirin su ne lauyoyi da likitoci da ma'aikatan ƙaramar hukumar da Bahaushen Ojoo ke zuwa gabansu a yau. Al'ummar da ba ta da nata lauya ko nas ko malamin makaranta, kullum sai ta nemi tafinta.

Na huɗu, zaman tare. Ba mu manta da rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka da dukiya tsakanin Hausawa da Yarabawa, kuma Shasha maƙwabciyar Ojoo ce. Ban ce makaranta kaɗai za ta hana irin wannan fitina ba. Amma mutanen da suka zauna kan benci ɗaya suna yara, suka ci abinci tare, suka san sunayen iyayen juna, sun fi wuyar zugawa a kan waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba sai wajen ciniki.

Bayan waɗannan kuma akwai doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi shekara tara yana karatu, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Wanda ya saɓa, a karon farko a ja masa kunne, a na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan kuma Naira 5,000 ko wata biyu. Ko da ba a cika aiwatar da hukuncin ba, dokar ta nuna cewa karatun haƙƙin yaro ne a kan iyayensa da hukuma.

Ina Mafita?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ganina kuskure ne a sa uba ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, domin kowane da aikinsa. Yaro ya je makarantar gwamnati da safe, ya je allo ko Islamiyya da yamma, da dare kuma uwa ta yi masa tatsuniya da kacici-kacici da Hausa. Malamin da kawu ke biya, ya ci gaba da zuwa, amma ya zama ƙari a kan makaranta.

Su kuma iyaye su daina jefa yaro makaranta su juya baya. Su shiga ƙungiyar iyaye da malamai, su riƙa duba littattafan yara ko da ta hannun wani ne, su kai kukan cunkoso gaban hukumar ilimin firamare ta Jihar Oyo. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa na Ibadan suna da bakin da za su nemi a ɗauki malamai masu jin Hausa a makarantun da yaranmu suka yi yawa, musamman a aji ɗaya zuwa uku, inda matsalar harshe ta fi tsanani.

Sai kuma mu ɗaliban Hausa. Yawancinmu idan aka tura mu yi wa ƙasa hidima a Kudu, babu abin da muke nema sai hanyar sauya wuri mu dawo gida. Da za mu tsaya mu buɗe ajin Asabar da Lahadi a Ojoo ko Sabo, mu koya wa yara karatu da rubutu da Hausa, da mun sauƙaƙa musu koyon Ingilishi, domin wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshensa ya riga ya yi rabin aiki. Haka kuma masu neman batun kundin digiri, ga fage nan a buɗe: Hausar yaran Ojoo, da kalmomin da ta aro daga Yarabanci, da ɗan littafin koyon karatu mai harshe biyu.

Kammalawa

Ranar da zan dawo na sake zama da kawu. Na ce, "Kawu, don Allah a mai da su makaranta, malam kuma ya ci gaba da zuwa da yamma." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ɗana, zan duba. Amma in an mai da su, wa zai riƙa duba musu aikin da aka ba su?" Ban sami amsar da zan ba shi nan take ba, kuma ina ganin wannan tambaya tamu ce gaba ɗaya, mu da Allah Ya ba damar zama a ajin jami'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗa na kowa ne. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.