Halifa Haruna Rashid: Tsakanin Suna da Tarihi

Da wuya a sami Bahaushen da ya tashi da jin hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya bai san Halifa Haruna Rashid ba, sarkin da ke ɓad da kama cikin dare, shi da wazirinsa Ja'afaru, yana zaga Bagadaza don jin koken talakawa. Wannan shi ne Harunan hikaya. Amma da yake masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, ya kamata mu tambayi tarihi: shin sunan ya yi daidai da aikin?

Haruna shi ne halifa na biyar a daular Abbasiyawa, ya yi mulki daga 786 zuwa 809. Babu shakka zamaninsa na wadata ne da ilimi. A lokacinsa ne Alƙali Abu Yusuf ya rubuta masa Kitabul Haraji kan haraji da adalci ga masu biyansa. Kisa'i, malamin nahawu da ƙira'a, shi ya karantar da 'ya'yansa. Matarsa Zubaida ta jawo ruwa zuwa Makka, ta haƙa rijiyoyi a hanyar alhazai daga Kufa. Giwar da ya aika wa Sarki Shalman ta isa birnin Aken na Turai a 802.

To, sai dai akwai ɓangaren da masu hikaya ba su cika faɗa ba. Yawancin aikin mulki a shekaru 17 na farko Barmakawa ne suka riƙe shi, wato Yahaya da 'ya'yansa. A 803 Haruna ya sa aka kashe Ja'afaru, abokin yawon nasa na hikaya, ya ɗaure Yahaya da Fadlu, ya ƙwace dukiyarsu. Bagadazar ma da ake jingina masa, ya bar ta ya koma Raƙƙa tun 796. Mafi muni shi ne batun gado. A 802 ya tsara a Makka cewa Amin zai gaje shi, Ma'amun ya riƙe Hurasan kafin nasa lokacin, aka rataya takardun a Ka'aba. Bayan rasuwarsa a Ɗus, 'yan'uwan biyu suka gwabza yaƙi, aka yi wa Bagadaza ƙawanya, aka kashe Amin a 813.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da na lura da shi shi ne, suna ba ya rayuwa sai a bakin masu magana. Mawaƙa irin su Abu Nuwas, da masu ba da labarin da suka zo daga baya, su suka gina Harunan da muka sani, domin fadarsa ta kasance mai kyauta ga ma'abota fasaha. Ba ina cewa Haruna bai cancanci yabo ba. Ina cewa ne yabon ya rufe kurakuran da al'ummarsa ta biya da jini.

Mu da muka san tasirin maroƙi da kirari, darasin bai yi mana nisa ba. Idan za mu auna shugaba, na jiya ko na yau, kada mu tsaya ga abin da aka rera masa. Mu duba yadda ya yi da waɗanda suka yi masa hidima, da kuma halin da ya bar ƙasa a ciki ranar da ya kau. Allah Ya sa mu dace.