Jiki Ya Riga Baki Magana

'Yan kasuwarmu na Konni da Illela, duk mai gabatar da kuken ƙungiya gaban jami'an kwastan, ko haja gaban baƙo, ya sani jikinsa ake fara saurare. Labarin zuciya a tambayi fuska. A 1960, wajen muhawarar talabijin ta 'yan takarar shugabancin Amurka, Nixon ya yi ta gumi, Kennedy kuwa ya dubi kyamara cikin natsuwa, kuma jama'a suka lura. A gida sunkuyar da kai ladabi ne, amma Bature yakan zaci ana ɓoye wani abu. Don haka a tsaya sosai, a fid da hannu daga aljihu, a miƙa takarda da dama, a dubi mutum ba da zare ido ba. Wanda ya raina tsayuwarka zai raina farashinka.