Kafin ka zargi mai tamfol, duba ƙasan tankinka

Da tanki ya fara yoyo, sai a hau zagin mai sayar da tamfol. Ni a ganina, yawanci matsalar daga ƙasa take.

Ku lissafa: tanki mai tsawon mita 3, faɗi mita 2, zurfin ruwa mita 1, lita 6,000 ke nan, wato nauyin tan 6 a kan tamfol. Ƙusa ɗaya ta isa ta huda shi. Nan Bompai kuwa unguwar masana'antu ce, guntun ƙarfe, waya da fasassun kwalabe ba sa wuya a ƙasa.

Don haka kafin ka shimfiɗa sabo, share wurin, ka tone saiwoyi da tsakuwa. Zuba yashi mai laushi kamar inci 2, yayyafa ruwa, ka daɓe sosai, ka bar ɗan gangare zuwa bututun fitar ruwa. Tsohon tamfol ɗin kar ka yar, mayar da shi shimfiɗa. Fara da ruwa kaɗan, ka miƙar da duk inda ya tattare, sannan ka cika.

Wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce. To nawa yashi yake, nawa kuma tarwadar wata 4 da ta kwana ba ruwa?

Allah ya ba mu sa'a.