Amurka Ta Tono Dodanninta, Na Adamawa Suna Nan Kwance

Jama'a 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, duk mai 'ya'ya a cikinku ya san yadda yara ke ƙaunar abin tsoro. Yaro zai rufe ido da hannu yana leƙe ta tsakanin yatsu, amma in aka kashe telebijin sai ya fashe da kuka. Haka abin yake a Agege, haka yake a Jimeta. Iyaye da yawa suna ganin maganin kawai a hana kallo. To, an taɓa gwada hanin a wata ƙasa, kuma ya kamata a ji yadda aka ƙare.

Daga 1950 wani kamfani a Amurka mai suna EC Comics, a ƙarƙashin William Gaines, ya riƙa buga mujallun zane masu labaran ban tsoro, wadda ta fi suna ita ce Tales from the Crypt, watau labarai daga kushewa. Yara suka yi ta saye, iyaye da malamai suka tada jijiyar wuya. A 1954 wani kwamiti na Majalisar Dattawa ya zauna a kan zancen, aka kira shi Gaines ya ba da bahasi, masu ɗab'i kuma suka kafa wa kansu dokoki masu tsanani. Kafin ƙarshen 1955 mujallun sun mutu. Amma fa ba a binne su da kyau ba, don a 1989 tashar HBO ta tono su ta mai da su wasan telebijin, aka yi ta nunawa har 1996, kashi 93 cif. Yaran da aka ƙwace wa mujalla su ne suka girma suka zama masu kallo.

Abin lura shi ne tsarin wasan. Kowane kashi labari ne mai zaman kansa, na kamar rabin sa'a, da 'yan wasa dabam. Wani mutum-mutumi mai siffar busasshiyar gawa, Mai Gadin Kushewa, shi ke buɗe labari da ba'a, shi ke rufewa. Galibi kuma mai haɗama ko maci amana shi ke faɗa wa ramin da ya gina.

Ashe wannan ba tatsuniya ba ce? Tsohuwa ta tara jikoki bayan sallar lisha, ta buɗe, ta kawo Dodo da budurwar da ta ƙi jin maganar iyaye, ta rufe da ƙurunƙus, gobe kuma wata sabuwa. Har zancen mai ba da labari guda da ke ɗinke labarai da yawa ba baƙo ba ne a Arewa. Aku ne ya riƙe wannan aiki a Magana Jari Ce na Abubakar Imam tun ƙarshen shekarun 1930, kuma a shekarun 1980 NTA Kaduna ta mai da littafin wasan telebijin, jama'a suka karɓa hannu biyu.

Adamawa kuwa tana da kayan aikin fiye da wurare da yawa. A cikin garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, Fulani suna da nasu tatsuniyoyin da suke kira taali. A Jimeta ga Hausawa, ga Bata, ga Bachama, ga Vere, ga Barebari, kowa da abin da yake tsorata 'ya'yansa da shi. Ga kogin Binuwai, ga tafkin Geriyo da na Njuwa, inda masunta ba su rasa labarin mutanen ruwa. Mai ɗaukar hoto ba ya bukatar gina kushewar ƙarya. Kwalekwale guda a bakin kogi da almuru, lokacin hazo, ya isa ya sa tsikar jiki ta tashi.

Wanda ya fi bukatar wannan shi ne ɗan da aka haifa a Kudu. Kakarsa tana can Wuro Hausa ko Luggere, sai shekara ta zagayo yake ganinta, in ma an samu kuɗin mota. Ya san sunan kowane dodon Turawa ta wayar hannu, amma a tambaye shi mece ce Ƙoƙi ga Gizo sai ya yi zuru. Ba laifinsa ba ne, babu mai ba shi.

Sai dai akwai abu biyu da ba za a kwaikwaya ba. Na farko jini da tsiraici, waɗanda HBO ta cika wasanta da su saboda tasha ce ta biyan kuɗi, ba ta yara ba. Na biyu ya fi hatsari, shi ne zancen maita. Dodo ba shi da gida a unguwa, ba wanda zai je ya jefe shi. Mayya kuwa, da an nuna ta a siffar tsohuwa matalauciya mai zaman kaɗaici, gari na wayewa yara za su fara nuna wata da yatsa, kuma an sha dukan bayin Allah a ƙasar nan, har da kisa, a kan irin wannan zargi. Duk mai shirya wasan ya bar mayu inda suke.

Aikin yana gaban NTA Yola da tashar jiha ta ATV, da samarin da ke shirya fim a Jimeta. Amurkawa sun samu abin tonowa ne domin nasu yana kan takarda. Na Hausa ma an rubuta wani abu, Frank Edgar ya tara littafi uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Amma yawancin na bakin Binuwai yana cikin kan tsofaffi ne, kuma kowace shekara ana rage su. Tun kafin a yi zancen kyamara da 'yan wasa, a fara aika mutum biyu da na'urar ɗaukar murya su bi Doubeli da Jambutu da cikin Yola gida-gida, su nemi izinin masu gida, su zauna da tsofaffin mata bayan lisha, don da rana ba za su yarda su yi tatsuniya ba.