Fitilar inji ta kunnu: a nemi lamba kafin a biya kuɗi

A wannan mako za mu yi magana a kan wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, wadda ke kunnuwa a allon gaban direba. Mai mota a Yamai ko Damagaram in ya gan ta, garaji na kusa da shi. Amma ɗan kasuwar Bune da ya yi lodin kanwa ko dabino, ko ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki can, sai ya fito Gure. In abin ya gagara a Gure, ya kama babbar hanya sama da kilomita 150 zuwa Damagaram. Wanda ya yi wannan tafiya ba ya son komawa hannu wofi, shi ya sa abin da aka yanka masa yake biya.

Da farko a bambanta fitilu. Jar fitila mai siffar buta ta man inji ce: wannan a tsaya nan take, a kashe mota. Mai ruwan ɗorawa kuwa, in ta kunnu ta tsaya cak kuma mota na tafiya daidai, mutum na iya kai kayansa kasuwa, a duba cikin 'yan kwanaki. In tana ƙyaftawa, inji na karkarwa, to wani silinda ne ba ya ƙona mai, ɗanyen man na gangarawa yana lalata katalizar. Nan babu jinkiri.

Motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, da na Turai masu esansi tun 2001, masu gazwal tun 2004, duk suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Mafi yawan tsofaffin motocin da suka shigo mana ta Kwatano ko Lome irinsu ne. A wannan kafa makanike ke jona na'urar da suke kira baliz, ita kuma ta fito da lamba: harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Aikin bai wuce 'yan mintoci ba. Saboda haka a yi cinikin karatun lamba daban, cinikin gyara daban, tun kafin a jona na'urar. Kuma mai mota ya duba lambar da idonsa, ya rubuta ta ko ya ɗauke ta hoto da salula. Makaniken da ya juya maka baya yana karatu, ya ce "kwamfuta ta ce a canza kaza", ka ce masa: "Malam, nuna mini abin da ta ce."

Ga inda kuɗi ke zurarewa. Lambar tana nuna inda mota ke kuka ne, ba ta faɗin kayan da za a saya. P0301 na nufin silinda na ɗaya ba ya ƙona mai daidai; laifin na iya zama na buji, ko bobin, ko injektar. Makanike na ƙwarai zai musanya bobin ɗin da na silinda na biyu, in lamba ta koma P0302 an kama ɓarawo ba tare da an sayi komai ba. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa: sau da dama tiyo ne rana ta busar ya tsage, ko ƙura ta rufe ma'aunin iska, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ta sha hunturu a rairayin Gure. P0455 kuwa wani lokaci murfin tanki ne kawai bai rufu ba.

Man da aka sha ma abin tambaya ne. Matatar SORAZ tana aiki tun 2011, amma ba ta hana sayen mai a kwalba a bakin hanya ba, kuma man da ya haɗu da ruwa ko ƙasa yana kunna fitilar nan. Wanda tasa ta kunnu jim kaɗan bayan shan irin wannan mai, ya faɗa wa makanike tun farko.

A yi hattara da P0420, lambar katalizar, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi. A cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su platin da paladiyom, shi ya sa yake da masu saye. In an ce a fasa a cire shi mota ta yi numfashi, a nemi ra'ayin wani garaji, in kuma an cire, mai mota ya karɓi abinsa. Ni a ganina duk kayan da aka canza ya kamata a miƙa wa mai shi tsohon.

Goge lamba ba gyara ba ne. Baliz na iya kashe fitilar, cire kan batir ma kan yi haka a wasu motoci. In cutar na nan, fitilar za ta dawo bayan tafiya kaɗan, wata ƙila kana tsakanin Gidimuni da Gure. Don haka a zagaya da motar kafin a cika kuɗi.

Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327 da ke aika lambobin zuwa salula. Ba ta kai baliz ɗin garaji ba, amma tana karanta lambar inji, kuma 'yan kasuwa uku ko huɗu na Bune na iya haɗa kuɗi su sayi guda. Mai sayen mota ta hannu kuma ya murza makulli ba tare da ya tada inji ba: dole fitilar ta kunnu, sannan ta mutu in inji ya tashi. In ba ta kunnu ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne ko an liƙe shi.