Ganuwar Kano Ba Ganimar Zaɓe Ba Ce

'Yan uwana matasa, yau maganar badala zan yi, kuma na san ba kowa ne zai ji daɗinta ba, har a cikin gidanmu. To, sai haƙuri. Gaskiya ɗaci gare ta.

Duk wanda ya bi titin BUK daga Ɗan Agundi ya wuce Na'isa da Gadon Ƙaya da Famfo da Dukawuya har Kabuga ya san abin da ake ciki. Wani wurin ka ga guntun ganuwa a tsaye kamar maraya, wani wurin juji ya binne ta, wani wurin kuma sai shaguna da gidan mai. A wasu unguwannin ma sai dattijo ya nuna maka da sanda ya ce "nan ta bi". Yaron da aka haifa yau zai girma yana kiran sunan ƙofa, bai san wane bango ƙofar take tsaro ba.

Mu tuna abin da muke wasa da shi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. Muhammadu Nazaki ya sake ƙara mata faɗi a ƙarni na 17. A Dutsen Dala, masana sun gano shaidar narka tama tun wajen ƙarni na 7. Wato kafin a san wani abu wai shi Najeriya, kakanninmu suna ƙira, suna gini, suna tsara birni. Da hannu, da kwando, da aikin gayya suka ɗaga wannan bango, unguwa-unguwa, kuma da gayyar suke yaɓe shi idan damina ta ci shi. Turawa sun shigo da igwa a 1903, amma ba su suka shafe ganuwa ba. Abin da igwa ta bari, takardar fili ce take cinyewa.

Yaya abin yake faruwa? A doka, ganuwa kayan tarihi ce ta ƙasa, a ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa. Amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamnan jiha. Ɗaya ke da alhakin tsaro, ɗaya ke da biro. A wannan tsagar ɓarna take shiga. Mai haƙar ƙasa ya zo ya kwashi ta yin bulo, ruwan sama ya zaftare abin da ya rage, a mayar da wurin juji, sannan wani mai uwa a gindin murhu ya ce ai fili ne ba kowa, a yanka masa. Kafin ka ankara an zuba kankare. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. An gina wata a madadinta, amma ginin ɗaruruwan shekaru ba a sayo shi a kasuwa.

Na san amsar da wasu za su ba ni. Za su ce: malam, mutane na fama da tsadar abinci, kai kana yi mana kukan tarin ƙasa? Tambayata gare su ɗaya ce: wane talaka ne ya taɓa samun fuloti a jikin badala? Mai tura baro ne, ko mai sayar da ƙosai? Filin ganuwa ba ya zuwa hannun mai jin yunwa. Abin da ke zuwa gidansa shi ne ambaliya. Kududdufan da ke jikin ganuwa, inda aka haƙi ƙasar gininta, su ne ke shanye ruwan sama. Idan aka cike su aka yi gini a kai, ruwa ba ya neman izini, ɗakin talaka yake nufa. Mai shago ya karɓi haya, mai gidan ƙasa ya kwana yana kwarfe ruwa.

Wasu kuma za su ce ai kayan maguzawa ne, zamanin Barbushe da Tsumburbura. Haba jama'a! Sarakunan Musulmi ne suka faɗaɗa ganuwar nan. A cikinta Shehu Maghili ya sauka a zamanin Rumfa. A cikinta malamai suka karantar, fatake suka sauke kaya lafiya. Ba wanda ya ce a bauta wa bango. Cewa muka yi kada a sayar da shi.

Ku dubi maƙwabtanmu. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya, da masallacinsa da hasumiyarsa ta ƙasa, a bakin Sahara. Ginin laka ne irin namu. Najeriya tana da wurare biyu a wannan jeri: Sukur a Adamawa tun 1999, da kurmin Osun-Osogbo tun 2005. Ita kuwa ganuwar Kano, tare da Dala da Kurmi da Gidan Sarki, tun 2007 take a jerin masu jiran layi. Me za mu nuna wa masu dubawa idan sun zo? Layin shaguna?

Yanzu ga inda zan taɓa namu. Ɗabi'ar da ta yi katutu a siyasarmu ita ce, idan abokan hamayya ne suka yanka badala, sai a cika Facebook da hotuna da "innalillahi". Idan kuwa ɗan gida ne ya karɓi fulotin, sai kowa ya yi gum, wani ma ya ce ai ci gaba ne. Wallahi wannan ba kishi ba ne, jiran layin rabo ne. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, ganuwa kuwa kullum raguwa take. Ni dai duk wanda ya sa katafila a jikinta, ko hularmu ce a kansa, ba nawa ba ne a wannan magana.

Ga abin da nake so mu riƙe wa duk mai neman ƙuri'armu, daga kansila har gwamna. A auna abin da ya rage na ganuwa da kududdufanta, a kafa alamun iyaka, a buga taswirar kowa ya gani. A fito da sunan duk wanda aka bai wa fili a jikinta da shekarar da aka ba shi, ba tare da duba jam'iyya ba. A haramta sabon rabo, a hana haƙar ƙasa da zuba shara. A ware kuɗin gyara a kasafin kowace shekara, a bai wa maginan gargajiya aikin, su koya wa matasanmu, domin ginin ƙasa da ƙasa ake gyara shi, ba da siminti ba. A riƙa kai 'yan makaranta Dala da Gidan Makama.

Mu ma da namu aikin. Muna iya tara dubban matasa don gangamin siyasa cikin kwana ɗaya. Me zai hana kowace mazaɓa da ganuwa ta ratsa ta ware Asabar ɗaya a wata ta kwashe jujin da ke jikinta? Idan kun ga ana haƙa ko ana aza harsashi, ku ɗauki hoto, ku kai wa mai unguwa da ma'aikatan gidan tarihi, ku sa a nan, ko na wane ne.

Kujera shekara huɗu ce, in ta yi tsawo takwas. Ganuwa ta doshi shekara 900. Kada ta ƙare a hannunmu. Allah ya kyauta, ya ba mu shugabanni masu kunya.